Gwangwanin Tanimu Faya

A Maƙera, bayan layin dogo,
kakana ya bar gwangwanin madara
da ƙullin tsumma uku a ciki.
Magada suka ɗaga, suka girgiza,
suka ce, Jafaru, ɗauki, naka ne.

Shekara ashirin da shida yana cusa shebur
a bakin tanderun jirgi,
Kaduna zuwa Kafanchan, ya dawo
ido jawur, yawu baƙi.
Har liman Faya yake ce masa.

Yakan kwance ƙullin farko bisa tabarma:
"Wannan kwal yaro ne. Dubi launinsa, ƙasa-ƙasa,
ruwa bai gama fita daga jikinsa ba.
Matsa shi, ya marmashe.
Hayaƙi kamar gari ya kama, zafi ɗan kaɗan.
A ƙona shi a bakin raminsa ya ba da lantarki,
bai kai a biya masa kuɗin tarago ba."

Na biyu na Inugu ne, shi ya cinye ƙuruciyarsa.
Ba ya taɓa shi sai ya yi tari.
"Da shi muka ja gyaɗa, muka ja auduga.
Irinsa ke sa tukunyar masaƙa huci,
irinsa ke gasa siminti.
Yana da wa mai maiƙo, a toya shi a rufe
sai ya fito ramuka-ramuka kamar soso,
tama ta narke a gabansa kamar man shanu.
Namu bai kai nan ba.
Ba laifinsa ba ne."

Na uku wani baƙon makanike ya ba shi,
baƙi wuluk, yana sheƙi, ba ya ɓata hannu.
"Dattijo ke nan. Ashana goma ba ta tashe shi.
In ya kama kuwa, ba hayaƙi, ba surutu,
ɗan harshe shuɗi, sai ci har asuba."
Bai taɓa ganin wutarsa ba.
Labari ya ji, ya yarda.

Ni a Panteka nake zuba tukwanen dalma
da gawayin itace, buhu kullum ƙara kuɗi yake.
Ran Laraba wuta ta yi mini gardama,
ga mai tukwane tsaye yana duba agogo.
Na buɗe gwangwani, na ɗauki mai sheƙin,
na riƙe shi bisa murhu
har gashin hannuna ya fara ƙauri.

Sai na mayar da shi tsummansa,
na aiki yaro Tudun Wada
ya ciyo mini bashin rabin buhu.