Ayar da Na Tsallake

A Coventry, bayan tashar bas,
akwai ɗakin da ake koyon rawa ranar Asabar.
Lahadi da safe namu ne, awa uku.
Mukan jera kujera sittin,
mu rufe madubin bango da zani
don kada mai addu'a ya buɗe ido ya ga kansa.

Ni ne mai wa'azi.
Sauran kwanaki bas nake tuƙawa,
ina tsara jawabi in jar fitila ta tsayar da ni.
Na san inda zan ɗaga murya a ce Amin,
na san inda zan sassauta, Mama Rifkatu ta share ido.
Ƙirga Amin nake yi kamar mai ƙirga canji.

Dattijo Filibus ke biyan haya.
Shi ya sayo ganga, shi ya sayo na'urar ɗumama ɗaki.
Shi ne kuma ya kawo 'yan mata tara daga gida
suna jinyar tsofaffi a kamfaninsa.
Ɗayarsu, Kyauta, ta tare ni bakin ƙofa,
sabulu ya tsattsaga mata hannu:
"Fasto, wata uku ke nan, rabin albashi.
In na yi magana, takardata na hannunsa."
Na ce, "Za mu sa a addu'a."
Ta dube ni yadda mai ƙishi ke duban rijiya ba guga.

Lahadin nan karatu ya biyo ta kan ayar
da ke kuka kan haƙƙin ma'aikaci da aka danne.
Tun daga nesa na hango ta, kamar rami a titi.
Na kauce.
Na karanta ta sama, na karanta ta ƙasa,
na haɗe su, ba wanda ya ga ɗinkin.
Aka yi tafi.
Dattijo ya kama hannuna da hannu biyu,
matarsa ta ba ni kular masa.

Daren nan masa ta ƙi wuce maƙogwaro.
Ubangiji, ba ka yi tsawa ba.
Da ka yi, da na ji sauƙi.
Shiru ka yi, irin shirun uba
da ya tarar da ɗansa yana rawa a kasuwa don kwabo.
Mutum sittin sun ji muryata,
kai kaɗai ka ga yatsana lokacin da ya tsallake.

Laraba na same shi a gida, mu biyu.
Ya ba ni shayi, ya saurara har ƙarshe,
ya ce, "Fasto, tuƙi naka ne, lissafi nawa."

Da Lahadi ta zagayo na karanta ayar.
Ban sa gishiri ba, ban kira suna ba,
takardar ma rawa take a hannuna.
Ko Amin ɗaya.
Sai gurnanin na'urar ɗumama ɗaki,
ashe bankwana take yi.

Yanzu kujera sha huɗu, awa ɗaya,
kowa da rigar sanyinsa har wuya.
Waɗansu in sun hango ni a kanti
sai farashin tumatir ya ɗauke musu hankali.
An kai ƙarata gida: yaron ya yi girman kai.
Kyauta ba ta ga kuɗinta ba tukuna.
Mun cika takardu, na raka ta ofis, muna jira.

Ban ce na warke ba, ya Ubangiji.
Har yau kunnena na laluben tafi
kamar yadda harshe ke komawa gurbin haƙori.

Zanin madubin na matar Dattijo ne, ta aiko an karɓa.
In na tsaya wa'azi yanzu, ga ni can a bango:
direban bas, cikin kwat, hancinsa na yoyo,
da littafi buɗe.
Ina iya kallonsa.
Saura kai.