Jinin Madobiya

A Dirin Daji na koyi sassaƙa,
hannun Baba Tunau, mai yatsa huɗu a hagu.
Ya ce madobiya ba a far mata da gatari
sai an zagaya ta, an rungume ta,
in hannuwanka suka haɗu, bar ta, yarinya ce.
Turmi ɗaya a shekara, kujerar tsakar gida biyu,
saura na ƙudan zuma ne da shanun Arɗo Giɗe.

In sanyi ya fara ja da baya
takan tuɓe ganye kaf,
ta yafa rawaya daga ka har kafaɗa,
kurmi ya ɗauki amo kamar ana kaɗa tsarkiya.

Sai shekarar da tireloli suka zo.
Mai jar hula ya ce gungume dubu shida.
Ban yi gardama ba.
Ni na shige gaba,
don ni na san inda manyan suke tsaye.
Inji ya yi ruri kwana arba'in.
Kowacce ta faɗi sai jan ruwa ya tsattsafo,
ya daskare a kututture kamar wurin yanka.
Na kau da kai, na lashi yatsa, na ƙirga.
Na sayi babur.
Babur ɗin ya mutu bara.

Yanzu rafi na ƙafewa ba a gama sussukar dawa ba.
Arɗo ya yi kudu, bai yi sallama ba.
Jikata Tabawa ta ce, wane launi ne furen?
Na duba gabas, na duba yamma,
na nuna mata jarkar man gyaɗa.

Daren nan ban runtsa ba.

Bayan dutse akwai uku da inji ya kasa hawa.
Can nake tsintar iri, mai fiffike da ƙaya a cibiya,
ina cusawa a ledar ruwa da taki.
Ɗari biyu na shuka, sittin suka fito,
awakin maƙwabci suka ci tara.
Sauran na kewaye da sarƙaƙiya,
Tabawa na ba su ruwa da tsohuwar butata.

Malamin daji ya ce sai shekara talatin.
Ina da sittin da bakwai.
Na ce masa to.
Gatarin na ƙarƙashin gado,
na cire masa ƙota, na dogara da ita.