Yatsu Biyu na Yadi

Saura sati shida bikinmu da Nunziata
na hau matakala talatin da ɗaya a wani lungun Napoli,
inda shanyar maƙwabta ke ɗiga a kan masu wucewa.
Na tarar da Ottavio tela, fil uku a bakinsa,
rediyonsa na tari a kan taga.

Na miƙa masa hoton da na yago daga mujalla,
wani dogon saurayi cikin baƙar taksido
da ta ɗame shi kamar da ita aka haife shi.
Na ce, irin wannan.
Ya dubi hoton, ya dube ni,
ya ɗora kofin gahawarsa a kan fuskar saurayin.

Ya ce, tsaya yadda kake tsayawa in ba mai kallonka.
Sai na saki cikin da na shanye tun daga ƙofa.

Tef ya zagaya ƙirjina da sanyinsa.
Ya ce, kafaɗarka ta dama ta fi 'yar'uwarta sauka.
Me kake ja?
Na ce, igiyar jirgin ruwan Procida,
shekara goma sha ɗaya, safe da yamma.
Ka cusa auduga ka ɓoye ta.
Ya zare fil ɗaya daga baki:
Da yarinyar ta ce ta yarda,
wannan kafaɗar ke jikinka ko wata?
Ni ba na koya wa yadi ƙarya.

Ban san baƙi yana da dangi ba
sai da ya baje su a kan tebur.
Ga baƙin gawayi, ga baƙin kwalta,
ga wani mai ƙyalli da ya ture gefe, ya ce na masu kiɗa ne.
Na ƙarshe baƙi ne a cikin ɗaki,
da ya kai shi taga sai ya koma shuɗi mai zurfi,
launin ruwa in jirgin ƙarshe ya dawo
an kashe inji, kowa ya yi shiru.
Wannan na san shi. Na sa hannu a kai.

Kwala ta siliki, ba mai faɗi ba.
Maɓalli ɗaya tak.
Hannun kwat ya tsaya ya bar farar riga ta leƙo
kamar faɗin farce.
Wando ya taɓa takalmi ya wuce,
gaisuwar mai sauri.

Lakatayen nan mai kama da malam-buɗe-littafi,
sau bakwai ina ɗaurawa yana kwancewa.
Ni da ke ɗaure jirgi cikin iska!
A na takwas ya zauna, fiffike ɗaya sama, ɗaya ƙasa.
Ya ce, bar shi.
Wanda ya daidaita cif, inji ne ya ɗaura.

Ranar gwaji, kwat duk farin zare, ba hannu ɗaya,
ya ce, rungume ni.
Na rungumi tsoho mai ƙanshin alli da tururin guga.
Bayan kwat ya ja, zare ya yi ƙara.
Ya zagaya ya shata alli tsakanin kafaɗuna:
Rigar da ba ta barin mutum ya rungumi surukarsa,
wannan ta kwanciya a akwati ce.

Da na zo karɓa ya juya min cikinta.
A kowane ɗinki ya bar yadi faɗin yatsu biyu,
a naɗe, a ɓoye.
Ya ce, na shekarun da ke tafe ne.
Na ji labarin girkin uwar yarinyar.
In ka dawo a buɗa maka, ƙila ba ni za ka tarar ba,
amma duk mai almakashi zai ga na yi tsammaninka.

Asabar, ƙararrawar coci na bugawa,
na dubi madubin ɗakin uwata.
Kafaɗar dama na nan yadda take, a sauke,
yadi ya bi ta, bai yi gardama ba.

Da dare ya raba, ƙafafu sun gaji da rawa,
a nan Nunziata ta ɗora kanta.