Allon da Ba Farashi

Shekara ashirin da biyu ina rumfar nan
daura da gadar Kwangila.
Fenti ya ci faratana, kananzir ya ci hancina.
Na zana aski iri tara a ƙofar shago,
na zana kaza tana murmushi kafin a soya ta,
na rubuta "Ba bashi yau, sai gobe"
har hannuna ya haddace, ko ina gyangyaɗi.

Da ka tambaye ni talla, sai in ce maka:
kira ne mai aljihu a ƙarshensa.
Baki ya yi zaƙi, hannu ya miƙo, a rabu.

Ran wata Laraba sai ga Baba Ilu,
tsohon ma'aikacin reluwe daga Muciya,
ya rungumo murfin tsohuwar durowa.
Ya ce, rubuta min:
AKWAI RIJIYA A GIDAN NAN. A SHIGO.
Na ce, jarka nawa?
Farashi a ƙasa ake sa shi, Baba, da jan fenti.
Ya dube ni kamar na taka masa sallaya.

"Delu ce ta sa aka haƙa, da kuɗin adashinta.
Tun da ta rasu, guga ɗaya ke sauka, nawa.
Yaran layinmu na wucewa da bokitai har Kubanni,
suna zaton ƙofata fushi take yi.
Ruwan da ba a ɗiba, ɗana, wari yake."

Na dama shuɗi.
Buroshina ya sauko ƙasan allo neman gurbin lamba,
ya tarar da fili, ya tsaya yana ɗiga.

A daren na kasa barci.
Ladan ya ɗaga murya da asuba, me yake sayarwa?
Mai cigiyar yaro a rediyo, nawa ne cinikinsa?
Mangwaron bayan gidanmu in ya nuna
ƙamshinsa har titi, bai taɓa neman canji ba.
Shi kuwa mai fosta, da ya biya ni na cika katangar Ƙofar Doka,
bai ajiye kaya a tire ba,
amma shekara huɗu ya kwasa.

Kada in yi ƙarya, na karɓi kuɗin fentina.
Bayan sati biyu ma Tanimu ɗan ga-ruwa ya zo,
ransa a ɓace, kura ta kwana cike,
ya ce in rubuta masa RUWANMU YA FI NA RIJIYA.
Shi ma yana da 'ya'ya. Na rubuta.

Jiya na bi ta Muciya.
Allon na nan, ya karkace.
Kalmar SHIGO ta kusa gogewa:
daidai nan yara ke dafawa da jiƙaƙƙen hannu
in sun fito.