Kilo Huɗu da Ɗari Bakwai

Shekara talatin ina yankan cibi a Bagalam,
tafin hannuna ya san ciki yadda mai awo ya san tiya.
Tun kafin a haska na sani
abin da ke cikin ɗiyata Sahura ba ƙaramin baƙo ba ne.

A matanite aka shafa mata wani mai sanyi,
aka nuna mana inuwa tana motsi a gilashi.
Kilo huɗu da ɗari bakwai, in ji lokotoro,
ga sukari a jini.
Ta ce na'ura kan yi kure, sama ko ƙasa,
ta ce aiki ma da nasa:
ɗinki, jinya, da tabon da ciki na gaba zai tarar.
Ku je ku yi shawara.

Uwar mijinta ta riga mu gida.
Tara na haifa a kan gwiwa, ta ce,
wuƙa sai raguwa.
Ila ya sunkuyar da kai yana juya makullin babur.

Ni kuwa Illo nake gani,
ɗan gidan masu ƙuli-ƙuli.
Daren da kai ya fito kafaɗa ta ƙi,
fitila na mutuwa, uwar ta daina kuka,
na ja.
Me zan yi in ban ja ba?
Yau shekararsa sha huɗu,
da hannu ɗaya yake ɗaga bokiti a famfo,
ɗayan na reto kamar igiyar guga.
Kullum sai ya gaishe ni,
kullum ƙasa nake kallo in amsa.

Da dare ina matsa mata kumburarrun ƙafafu
ta ce, Inna, ke me kika gani?
Ban ce yi ba, ban ce bari ba.
Na ba ta labarin da ban taɓa ba kowa ba.
Ta daɗe tana sauraron kwaɗin gulbi.

Da hantsi ita ta karɓi takarda,
ta rubuta sunanta a hankali, har da na ubanta.
Alhamis, aka ce.

Na naɗe reza da zare, na tura ƙarƙashin gado.
Wannan cibi wata za ta yanka.
Nawa benci ne a bakin ƙofa,
da carbi,
da kunun kanwa a kwano,
ina ta taɓa murfin kar ya huce.