Sandar Mantau

Ƙarfe biyu na dare a Bagalam
kuran ya dawo, ba sallama.
Fanka ta juya sau uku, ta tuna aikinta.
Akwatin da ke ƙarƙashin tebur kuwa, tsit.

Wata bakwai ke nan ina kiwonsa
a ƙuryar shagon gyaran waya,
tsakanin matattun batura da kwalin taliya.
Aikinsa guda ne:
saƙo ya zo a naɗe kamar albasar Galmi,
ya ɓare ɓawo ɗaya, ya miƙa gaba.
Bai san mafari ba, bai san masauki ba.
Ni ma ban sani ba. Haka aka so.

To, yau ya kwanta, ya ƙi faɗin ciwonsa.

Na shiga biɗar kundin da yake rubuta damuwarsa.
Jaka cikin jaka cikin jaka,
kamar kayan ɗan koli ranar kasuwa.
Inda aka ce nan yake ajiya, wayam.
Nomau mai gadi ya leƙo ta taga:
"Mi ya ɓace?"
Na ce, takarda.
Ya ce, "Duba aljihunka," ya wuce da tocilansa.

Ashe gaskiyarsa.
Cikin fayil ɗin saiti, can ƙasa,
ga layin da ke cewa rubuta nan,
a gabansa ɗan shinge, kara huɗu a gicciye,
wanda ni na manta ban tuge ba.
Abin da ke bayan shingen nan
na'ura ba ta ganinsa.
Wata bakwai bawan Allah yana magana
cikin tulun da ba gindi.

Na tuge shinge. Sai tambaya ta tsaya mini:
nawa zai faɗa?
Akwai matakin da zai zuba kome,
kamar mai tsegumi a bakin famfo.
Akwai wanda sai gobara ta ci rufi
kafin ya ce uffan.

Nan kakana Mantau ya faɗo mini a rai.
Ɗan fito ne a Gulbi, kafin gada,
da gorarsa, da ƙirjinsa.
Ya ƙetarar da liman, ya ƙetarar da mai gudun bashi,
da matar da ta rufe fuska ba don rana ba.
Bai taɓa tambayar suna ba.
Amma yana da sandar ƙirya kafe a gaɓa,
kowace safiya ya sa wuƙa
ya tsaga inda ruwa ya kwana.
Ran da aka zo da kulki ana cewa,
"Wa ya haye jiya?"
sandar ya nuna musu:
"Jiya ruwa nan ya kai."

Na zaɓi na tsakiya: sanarwa kaɗai,
adireshi kuma a goge kafin tawada ta bushe.
Na kashe, na kunna.

Kundi ya buɗe ido. Layi ɗaya tak:
agogonka ya koma baya da shekaru.
Ɗan batir ne, faɗin kwabo, ya mutu a ciki,
akwatina yana ta gaida duniya
da gaisuwar shekaran bara.
Abokan tafiya suka ja baya:
wanda bai san yau ba
ba a ba shi ajiyar gobe.

Na ciro wani daga gawar tsohuwar na'ura.
Kashi goma. Kashi hamsin.
Ya tsaya a tamanin har shayina ya huce.
Ɗari.

Ladanin Mokoyo ya gyara murya.
Kabu-kabu na farko ya wuce da buhun tattasai.
Wani, a wani wuri, yana tsakiyar ruwa yanzu,
ban san harshensa ba, ban san abin da ya kore shi ba.
Na duba kundi. Babu shi a ciki.
Awa kawai, da nauyin abin da ya wuce.

Na ja ƙofa, na ce wa Nomau an gani.
Ya ce, "Ina take?"
Na ce, aljihu.