Turken Belle Glade

Cleophus ya kai ni bayan rumfar gwaji,
ya nuna min turken siminti, ya kusa fin ni tsawo.
Ya ce, "Ran da aka kafa shi, kansa daidai yake da ƙasa.
Ba turken ne ya girma ba, yarinya."

Na durƙusa na damƙo ƙasar.
Baƙa wuluk, sakayau kamar garin gawayi,
ba yashi, ba tsakuwa ko ɗaya.
Ciyawa ce da ta mutu cikin ruwa tun zamanin da ba mai tunawa,
ruwan ya lulluɓe ta, ya hana ta ruɓewa.
Aka zo aka haƙa magudanai, aka yaye mata zane,
iska ta shiga tana cin ta
yadda gara ke cin azara.

Aikina bai taka kara ya karya ba.
Da asuba in zura ma'auni a rijiyoyi goma sha ɗaya,
in rubuta inda ruwa ya kwana.
In ya hau, mai gonar rake ya bugo waya:
saiwa na shaƙewa, a tada famfo!
In ya sauka, shiru.
Ƙasa ba ta da lambata.

A Haɗeja babana kan ce,
"Sayi fadama, ƙasa ba ta gudu."
Baba, ga wadda ke gudu.
Ba ta yamma, ba ta gabas, sama take bi,
kaurin yatsa kowace shekara,
sannu kuwa ba ta hana zuwa.

Bara da rani ta kama wuta ta ciki,
ba harshe, hayaƙi kawai, kwana tara,
balbelu na tsaye gefe kamar 'yan zaman makoki.

Gidan uwar Cleophus matakala biyu gare shi da.
Yanzu bakwai.
Biyar ɗin shi ya ƙera da hannunsa,
gwiwarsa ta san kowacce.

Daren jiya na bar ƙofar ruwa
ta ɗara abin da takarda ta ce da rabin taƙi.
Wayar za ta yi ƙara, na sani.
Na haɗa shayi ina jira,
na ɗebo sukari,
cokalin ya tsaya min a saman kofi.